Janaretan Da Ya Ƙi Hawa Tudu

Tizgi, 15 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Bihi,

Sallama da gaisuwa mai yawa gare ka da mai ɗakinka Zaina da yara. Mu nan lafiya lau, in ka cire ƙuguna, ka cire zafin rana, ka cire mutanen garin nan.

Kada ka tambaye ni abin da ya hana ni zuwa shagon kasuwa in buga maka waya. Ba zan tsaya ina ihu da sirrin gidana a gaban masu sayen sukari ba. Lahusin direba zai kawo maka takardar nan har gareji, kai ma shi za ka ba amsa.

Jiya Litinin ranar ban-ruwan lambunmu ce, kuma ban je ba. Tun rasuwar Baba ban taɓa fashi ba sai jiya. Na fita da sanda tun bayan asuba, ina kaiwa tudun ƙofar gidan Addi ƙugun ya ce shi a nan ya tsaya. Na zauna a kan dutse ina kallon rana na ɗagawa har lokacinmu ya wuce, ruwan ya gangara lambun Addi. Ka san dokar garin ko da yake ka daɗe da barin mu: namijin gida ne ke buɗe magudana da hannunsa, ba mace ba, ba ɗan aike ba. Wanda ya yi fashi sau uku a jere, jama'a su karɓe rabon gidansa su rarraba. Na yi ɗaya. Bayan kwana goma sha biyu layi zai sake zagayowa kanmu, ni kuwa 'ya'ya mata Allah ya ba ni, duk suna gidajen mazansu.

Ina nan zaune Addi ya fito da fartanya a kafaɗa. Ya ce, "Mbarak, hutawa ake yi?"

Na ce, "A'a, dutsen nake gadi kada a sace."

Ya ce, "Allah ya ba da lada. Kabewata dai yau za ta yi maka addu'a."

Wallahi Bihi, da sandar ta kai, da na shafa masa ita.

Alfadari ba na iya hawa. An gwada ɗora ni, mutum biyu, ihun da na yi sai da kaji suka watse. Saboda haka na yi dabara. Ka tuna janaretan da ka kawo mana shekara goma sha ɗaya da suka wuce? Tun da aka jawo wa garin lantarki yake jibge a ɗakin hatsi, kaza na ƙwai a kansa. Injinsa lafiya ƙalau, ja biyu ya tashi. Bilƙasim mai walda ya riga ya haɗa mini gangar jikin ɗan guntun babur da ƙarfen tsohon gadon Inna da tayoyin baro biyu. Gajere ne ƙwarai, zama kawai zan yi ba sai na ɗaga ƙafa ba. Saura inji.

Ga inda muka maƙale. Mun kwance duk wani noti da ido ya gani, amma kan da ke ba da wutar ya ƙi rabuwa da injin. Bilƙasim ya ce a sa guduma, na ce in ya taɓa da guduma zan taɓa shi da ita. Ka faɗa mini yadda ake raba su, da abin da ake ɗaurawa a wurin don sarƙa ta ja taya. Ban nemi wa'azi ba, amsa nake nema.

Mai ɗakina Ijja na gaishe ku. Ka huta lafiya.

Yayanka,
Mbarak

Agadir, 18 ga Yuli

Zuwa ga Dadda Mbarak,

Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarka ta same ni a ƙarƙashin mota, na karanta ta a can, na yi dariya har na buga goshi. Gadon Inna! Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zaton zai yi tafiya ba.

Ka yi daidai da ka hana guduma. Ƙarfen da ke fitowa daga injin janareta ba miƙaƙƙe ba ne, tsukakke ne kamar karas, kan wutar a cushe yake a kansa. Ka zare dogon notin tsakiya, ka zura guntun rodi a ramin, ka ɗaura noti mai kauri a bayansa ka yi ta matsewa. Za ka ji ƙas, ya saki.

Wannan tsukewar ce kuma za ta hana kowane kuloci zama. Na san injin, ni na saye shi, don haka na feƙe maka ƙarfe mai rami daidai bakinsa. Yana cikin kwalin da na ba Lahusin tare da kuloci da sarƙa da wayar totur. Ka sani janareta gudu ɗaya ya sani, a kansa aka yi shi. Na zana maka a bayan takarda inda za ka maƙala wayar totur don ya riƙa jin magana. Kada Bilƙasim ya cire komai a wurin don wai a ƙara gudu.

Ka ce ba ka son wa'azi, to layi biyu ne kawai. Ƙugun nan aiki yake so, ba babur ba. Akwai likita a nan da ya yi wa surukina, yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Ɗaki na nan a share.

A gaida Lalla Ijja. Allah ya ƙara lafiya.

Ƙanenka,
Bihi

Tizgi, 27 ga Yuli

Zuwa ga Bihi,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Kan ya saki kamar yadda ka ce, ƙarfenka kuma ya zauna ɗas. Wannan na yaba. Ranar Alhamis muka gama ɗaurawa, muka kai shi filin sussuka. Garin kaf ya fito, har matan da ke fasa ƙwallon itacen argan don tatsar mai suka bar duwatsunsu. Na zauna, Bilƙasim ya ja igiya, na murɗa. Bihi, ya tafi! Na zagaya filin sau tara. Shekara biyu rabona da iska ta daki fuskata. Tsohuwa Rƙiya ta rangaɗa guɗa, limami ya ce ma sha Allah, ko da yake ya ja da baya ya tsaya a bayan katanga. Ijja ce kaɗai ta juya ta shige gida, ban san me na yi mata ba.

Jiya Asabar ranar ruwa. Na yi sallah, na ɗaure fartanya a baya, na kama hanya ina jin kaina kamar hakimi. Na wuce masallaci, na wuce rijiya, na fara hawan tudun Addi. Daidai ƙofar gidansa injin ya mutu. Ba tari, ba gargaɗi, kamar an hura fitila.

Na ja igiya har kafaɗata ta ƙage, ko uffan. Na gangaro da shi baya baya zuwa rijiya, ja ɗaya ya tashi. Na sake hawa, ya sake mutuwa a ƙofar nan. Sau huɗu, Bihi. A na huɗun Addi ya leƙo da kofin shayi a hannu.

Ya ce, "Dabbar taka ladabi gare ta, ba ta wuce gidan manya sai ta tsaya gaisuwa."

Na ce, "Wari ta ji."

Ya ce, "To ka shigo ku sha shayi kai da ita, ruwan ai yana da mai karɓa."

Haka na yi fashi na biyu. Ina zaune a kan gadon uwata a tsakiyar hanya ina jin ƙarar ruwan gidanmu yana shiga kabewar wani.

Ni ba mai yarda da surkulle ba ne, ka sani. Amma ka faɗa mini, wane irin inji ne ke gane ƙofar gida? Fetur cike, baƙin mai daidai alama, na duba da idona. Yanzu rabin garin na cewa Addi ya binne wani abu a hanya, rabin na cewa Inna ce ba ta yafe gadonta ba. Saura sau ɗaya, Alhamis bakwai ga Agusta. Ka yi tunani da kyau ka rubuto.

Yayanka,
Mbarak

Agadir, 30 ga Yuli

Zuwa ga Dadda Mbarak,

Ina gaisuwa, ina kuma jajanta abin da ya faru.

Daga nesa da wuya a gane ciwon inji. Ka canja fulogi, na sa sabo a ambulan. Ka wanke kafireta, ka duba ko tiyon mai ya lanƙwashe. In duk bai yi ba, ka tuna injin ya tsufa, wataƙila ƙarfinsa ne bai kai tudun ba.

Dadda, ka bar wahalar nan haka. Ka roƙi jama'a su ɗaga maka ƙafa, ka biyo Lahusin ka zo a duba ka. Lambu ba zai fi ka ba.

Aiki ya yi mini yawa, ka yi haƙuri da gajeriyar takarda. A gaida gida.

Ƙanenka,
Bihi

Tizgi, 3 ga Agusta

Bihi,

Na amsa gaisuwarka don addini ya ce a amsa.

Na sa fulogin. Na wanke kafireta sau biyu, na biyun da buroshin haƙorina. Na canja tiyo. Na ɗaga tanki sama, na sauke shi ƙasa. Yana mutuwa a inda yake mutuwa. Kuma kada ka sake ce mini ƙarfi ne bai kai ba. Injin da ƙarfinsa ya gaza nishi yake yi, ya yi ta ja da baya kafin ya sare. Wannan da ƙarfinsa yake hawa, sai a ɗauke masa wuta. Ni na koya maka riƙon sifana a injin niƙan garin nan lokacin majina na zuba a hancinka. Ko dai birni ya mayar da kai mai canja taya, ko kuma akwai abin da ka sani ka ƙi faɗa. Takardarka ta farko da zane ta zo, ta biyu kamar ta ma'aikacin gwamnati.

Ka ce in roƙi jama'a. Na roƙa ranar Juma'a bayan sallah, ni Mbarak, a tsaye a kan sanda. Suka ce doka doka ce, an yi wa gidan Hammu haka, ba za a canja don ni ba. Ban ga laifinsu ba, da bakina aka yanke wa gidan Hammu.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne na je na yi wa Addi tijara a ƙofar gidansa. Na ce ya tone abin da ya binne. Mutumin nan ya dube ni, bai yi dariya ba, ya ce, "Mbarak, wallahi ban binne komai ba. In kana so ranar Alhamis in goya ka." Goyo, Bihi! A gaban mutane! Da ma zagina ya yi.

Bilƙasim ya hau ya dubo mini lambun. Rumman na zubar da 'ya'ya, masarar ta naɗe ganye, ƙasa ta tsage. Kai kana cewa lambu ba zai fi ni ba. In aka karɓe ruwan nan babu lambu, busasshen tudu ne mai katanga, kuma a hannuna abin zai faru bayan kaka da uba sun riƙe. Ba na barci, ba na jin ɗanɗanon abinci, haushin kowa nake ji har da kai.

Kada ka sake aiko mini da fulogi. Ranar Alhamis zan isa magudanar nan, ta yaya kuma ba ruwanka.

Mbarak

Tizgi, 3 ga Agusta

Zuwa ga Bihi ƙanin mijina,

Sallama. Ina gaida Zaina da yara. Ni ce Ijja. Ka yi haƙuri da rubutun, a ajin manya na masallaci na koya, wannan ce takardata ta farko. Yayanka bai san na rubuta ba. Zan ba Lahusin a ɓoye.

Saƙon da na ba Lahusin ya faɗa maka da baki, cewa ko ka gane ciwon injin kada ka faɗa, na janye shi.

Ranar da ya zagaya filin sussuka kowa na dariya, ni birkin nake kallo. Birkin tsohon keke ne. Na tuna gangaren da ke bayan tudun Addi, da ramin da ke gefensa. Na ce mutumin nan zai hau, amma a makara za a sauko mini da shi. Na ce gara a rasa ruwa. Na ɗauka in abin ya ƙi zai gaji ya tafi wurin likita. Shekara talatin da huɗu ina tare da shi, ashe ban gama saninsa ba.

Kullum da rana tsaka yana tudun nan yana jan igiya. Tafin hannunsa ya fashe, na ɗaure masa da tsumma, ya koma. Ya daina zuwa majalisa. Na yi masa kuskus da kabewa ya ture, wai ba ya cin abin da ya sha ruwansa, alhali daga kasuwa na saya.

Jiya na shiga ɗakin hatsi na same shi yana yanka tsohuwar taya. Na ce, "Me kuma za a ƙera?"

Ya ce, "Takalmi."

Na ce, "Wannan faɗin ai ba na ƙafa ba ne."

Ya ce, "Na gwiwa ne. Ki nemo mini igiya."

Bihi, rarrafe zai yi. Ya ce zai tashi ranar Laraba bayan la'asar, ya kwana a lambu, gari ya waye yana bakin magudana. Dattijo mai furfura, a kan duwatsun nan, a gaban garin da ya yi wa shugabancin jama'a shekara shida. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce zan tafi gidan 'yata. Ya ce in gaishe ta.

Tun da zai tafi ko ta yaya, gara ya tafi a zaune. In ka san abin da ke kashe injin ka faɗa masa. In kana da birki na kirki ka haɗo da shi, don Allah. Laifin nawa ne, ni zan faɗa masa da bakina, ba sai ka ɗauka ba.

Allah ya saka da alheri. Hannuna ya gaji.

Ijja

Agadir, 5 ga Agusta

Zuwa ga Dadda Mbarak,

Ina gaisuwa, ina neman gafara tun kafin ka karanta.

Gaskiyarka. Na san ciwon tun ban kai ƙarshen takardarka ta 27 ga Yuli ba, kuma ba fulogi ba ne.

A cikin injin akwai wani ɗan abu da ke iyo a kan baƙin mai. In man ya yi ƙasa sai ya ɗauke wuta, don kada injin ya ci kansa. Janareta a shimfiɗe yake zama duk rayuwarsa, don haka abin ba ya kuskure. Kai kuwa ka ɗora shi a tudu. Hancin babur na ɗagawa man ya koma gefe guda, abin ya ɗauka mai ya ƙare. Ƙofar Addi ce wurin da hawan ya fi miƙewa, shi ke nan asirin. Ka nemi gafarar mutumin.

Ka duba ƙasa da makunni, za ka ga siririyar waya ruwan ɗorawa ta fito daga cikin injin. Ka zare ta daga mahaɗinta, ka naɗe bakin da salatif. Aikin minti ɗaya ne. Amma daga ranar babu mai tsaron injin sai kai. Duk fita ka duba mai a shimfiɗaɗɗen wuri, ka cika shi har baki.

A kwalin akwai birkin babur na gaske da wayarsa. Na rufe gareji yau na haɗa shi daidai tayar baro. Lahusin ya yi mini alkawarin isowa Laraba kafin azahar, Bilƙasim ya ɗaura kafin ka taɓa wayar nan. Na roƙe ka, birki tukuna. In za ka sauko ka saki totur gaba ɗaya, ka bi gefen dutse, ka bar gefen rami.

Ban yi don in wulaƙanta ka ba, Dadda. Tsoro na ji. Na ga kamar in na yi shiru zan same ka a nan da rai, ko da kana fushi da ni. Ban lissafa abin da shirun zai ci ba.

Ka rubuto ko da zagi ne.

Ƙanenka,
Bihi

Tizgi, 8 ga Agusta

Zuwa ga Bihi,

Sallama.

Na hau. Na buɗe magudana da hannuna, ruwan gidanmu na nan a gidanmu. Na sauko lafiya, birkinka na kamawa. Na tsaya a ƙofar Addi da kaina na ba shi haƙuri, na sha shayinsa.

Ijja ta faɗa mini komai. Ita na yafe mata, ba ta san waya ba, rami ta sani. Kai ka san wayar.

Dashen zaitun bakwai na yi bara a gefen katanga. Da na sami ruwan Asabar ko na ɗauka da tulu a bayan babur cikin kwanakin da kake aiko mini da fulogi, da sun rayu. Huɗu sun bushe har saiwa. Na zauna a gabansu na yi kuka, ban ji kunyar faɗa maka ba.

Ban tuge su ba, kuma na hana kowa taɓawa. Suna nan a tsaye sai ka zo ka tuge su da hannunka. Ranar nan sai mu yi maganar likita.

A gaida Zaina da yara.

Yayanka,
Mbarak